Ƙarshen Labarin Yana Wajen Gwaggo Verna

Littattafan yara bakwai Denise Bellanger ta rubuta, babu wanda ya taɓa hana ta sukuni sai na takwas. Shi ne kuma wanda ta fi so, don labarin ba ƙirƙirarta ba ce, na gidansu ne. Gwaggo Verna, yayar mahaifinta, wadda ta riƙe su ita da ƙaninta Curtis bayan rasuwar uwarsu, ita ce take ba su shi a ɗan gidanta na bakin tafki, duk shekara idan dusar ƙanƙara ta rufe ƙasa. Wata yarinya ce aka aika ɗebo ruwa ta ramin da aka fasa a ƙanƙarar tafki, ludayin uwarta ya suɓuce mata ya nutse, tsoron faɗa ya sa ta bi shi. Ta wuce garin kifaye, ta wuce inda kwaɗi suke barci cikin laka, har ta kai ƙofar wata tsohuwar kififiya. Ta ƙwanƙwasa. Daga ciki murya ta ce, "Wa ya aiko ki?"

A daidai nan barci yake kwashe Denise. Kowace shekara sai ta ci alwashin za ta kai ƙarshe, ta mintsini cinyarta, ta zauna nesa da murhu, amma miyar shinkafar tafki da muryar Gwaggo sun fi ƙarfinta. Curtis kuwa ba a maganarsa, ko garin kifaye bai taɓa kaiwa ba. Da safe idan ta tambaya, Gwaggo ta ce labari ba tuwon jiya ba ne da za a ɗumama mata, ta jira baɗi. Tana cikin jiran baɗi ta kai shekara goma sha takwas, ta tafi karatu Minneapolis, birni ya riƙe ta.

Da ta zo rubuta littafin, kunya ta hana ta faɗa wa kowa cewa marubuciyar da ake gayyata makarantu tana yi wa yara bayanin gadon kakanni ba ta san ƙarshen labarin gidansu ba. Sai ta ƙirƙiri nata ta liƙa. Editarta Paige, wadda ba ta san komai game da mutanenmu, 'yan asalin ƙasar nan na bakin tafkuna, ba amma tana da hancin gane ƙarya, ta kira ta a waya.

"Denise, shafi ashirin da shida na farko har tsigar jikina tashi ta yi. Huɗun ƙarshe fa, wa ya rubuta su?"

"Ni mana."

"Na ga alama. Kamar an ɗinka wa riga hannu da wani yadi daban. Ki gyara. Ƙarshen Oktoba za mu miƙa wa masu bugawa."

Kwana biyu bayan haka Curtis ya kira, babu wasan da ya saba farawa da shi. Zuciyar Gwaggo ta gaji, an sallamo ta daga asibiti da bututun iska a hanci, likita ya ce magana ce ta makonni. Denise ta kama hanyar arewa da asuba, ana tsakiyar Satumba, tafkuna cike da kwalekwale ana kaɗar shinkafa. Tana tuƙi tana kuka, kuma tana jin haushin kanta, don ta san kukan kashi biyu ne, ɗaya na Gwaggo ɗaya na littafi.

Ta tarar da ita a kan gadon da aka jawo mata falo kusa da taga, ta rame har zoben hannunta yana juyawa, amma idon nan nata mai auna mutum yana nan yadda yake. Denise ta bari sai da aka sha shayi, aka zagi gwamnati, aka yi gulmar matar Curtis, sannan ta ciro ƙullin ganyen taba a jan ƙyalle ta miƙa da hannu biyu. Haka ake roƙon babba a wajenmu, kuma idan ya karɓa ya ɗaure kansa ke nan, dole ya yi.

"Gwaggo, ƙarshen labarin yarinya mai ludayi nake roƙo."

Gwaggo ba ta miƙa hannu ba. "Ke 'yar birni, leƙa taga ki gaya mini abin da kika gani."

"Ciyawa."

"Wane launi?"

"Kore."

"To me ya kawo maganar?"

"Gwaggo, likita ya ce..."

"Na ji abin da ya ce, ai a gabana ya faɗa. Zuciya ce ta gaji, ba kunne ba." Ta ja numfashi, bututun ya yi ƙara. "Kwaɗi idonsu biyu, macizai idonsu biyu, duk wanda ke cikin labarin nan yana jin mu yanzu. Ke za ki so a zauna ana tona asirinki kina ji? Sai sun kwanta, ƙanƙara ta rufe musu kunne. Ki matsa, ki wayi gari da kwaɗo a cikin bargo, sannan ki gane."

"Don littafi ne, Gwaggo. Don yara."

"Shekara ashirin da shida ana sanyi babu fashi, ba ki zo ba. Bara ma na dafa miya na jira, kika ce kina zagayen makarantu. Yaran wasu kike ba labari." Ta nuna teburi da haɓa. "Ajiye tabarki can. Ban ƙi ba, ban karɓa ba."

Maganar ta yi wa Denise zafi ƙwarai, don babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Ta ajiye ƙullin kusa da kwalaben magani, ta shiga kicin ta wanke kwanonin da suke a wanke.

Daga ranar ta zama mai duba yanayi. Da safe ta duba waya, da rana ta duba sama, da yamma ta kunna rediyo ta ji ko akwai wani sanyi da ke gangarowa daga Kanada. Shekarar kuma kamar da gangan, kaka ta zo da ɗumi, mutane suna yawo da riga mai gajeren hannu suna cewa ba su taɓa ganin Oktoba mai daɗi irin wannan ba. Denise ji take kamar ta shaƙe su. Gwaggo kullum ƙara yin ƙasa take. Ta daina cin nama, ta koma romo, daga baya romon ma cokali uku ne. Ƙafafunta suka kumbura. Denise tana shafa mata mai, tana tsefe mata farin gashinta ta kitse shi gida biyu, ba ta sake tayar da maganar ba, amma ƙullin jan ƙyallen yana nan kan teburi kowa yana ganinsa.

Curtis ne ya zo da dabarar, kuma duk wanda ya san Curtis ya san daga wajensa irin wannan za ta fito. A ɗakin wasan zamiya a kan ƙanƙara na gari yake aiki, shi ke tuƙa motar da ke kankare fuskar ƙanƙara bayan kowane wasa, ya je bayan gini ya zubar da abin da ta kankaro. Tsibi guda ne a can, fari fat, ko a watan zafi.

"Yaya, lodi uku na a-kori-kura ya isa ya rufe gaban tagar nan," in ji shi, suna tsaye a bayan gida yana cin soyayyen burodi da ya sato a kicin. "Idonta ba ya kai wa bakin hanya. Ta ce sai ƙasa ta yi fari, to ƙasa za ta yi fari."

"Kai mahaukaci ne. Gwaggo za ka yi wa wayo?"

"Ni ban ce wayo ba. Dusar ƙanƙara ce ko ba ita ba ce? Taɓa ki ji in ba sanyi."

"Allah ya shirye ka, Curtis."

"Amin. Amma ki duba ƙafafunta, ki duba sama, sannan ki gaya mini wace dabara gare ki." Ya daina tauna. "Ni ma ina son in san ko yarinyar ta dawo, ke kaɗai kike tsammani?"

Ta ce a'a ranar Litinin. Ranar Laraba Gwaggo ta yini ba ta gane Curtis ba sai da yamma. Ranar Alhamis Denise ta ce masa ya kawo.

Da sanyin asuba ya zo, ya kashe fitilar mota tun daga kwana. Suka yi ta kwasa da shebur suna watsawa, a kan ciyawa, a kan matakala, a kan tsohon kwalekwalen da aka kife a gefen gida. Curtis yana tari yana zagin bayansa. Denise ta bi tana tsince guntayen salatif ɗin da 'yan wasa ke naɗe sandunansu da shi. Da gari ya waye, in ka tsaya daidai inda gadon yake ka duba, sai ka rantse sanyi ya shigo.

Ta wanke hannu, ta ɗumama su a jikin butar shayi don kada su tona ta, sannan ta zuge labule.

Gwaggo ta daɗe tana kallo. Fuskarta ba ta nuna komai ba.

"Ta zo da wuri bana," in ji ta.

"Ta zo da wuri, Gwaggo."

"Miƙo tabar."

Denise ta miƙa. Gwaggo ta karɓa, ta damƙe ƙullin a ƙirjinta, ta ce a taimaka mata ta jingina. Curtis ya raɓe a bakin ƙofa da hularsa a hannu. Babu tsallake a labarin Gwaggo, daga farko ake farawa, don haka aka aiki yarinya ɗebo ruwa, ludayi ya suɓuce, ta tsaya a bakin rami tana tunanin faɗan uwarta. Gwaggo tana faɗin jimla biyu ta huta. Denise shekara arba'in da huɗu gare ta amma ji take kamar tana da bakwai.

Sai a garin kifaye Denise ta lura. Gwaggo, wadda in tana ba da labarin nan har maƙwabta suke jin muryar babban kifi, yau raɗa take yi. Ba raɗar gajiya ba, don ɗazu da ƙarfi ta ce a miƙo taba. Ta karkatar da kai daga taga, ta sa tafin hannu ta kare gefen bakinta, kamar mai gulmar wanda ke ɗaki na gaba. Da aka zo wajen kwaɗi ma ba ta kira sunansu ba, cewa ta yi "masu kwana a laka", ta yi sauri ta wuce. Ta ƙara damƙe tabar a ƙirjinta. A waje ruwa yana ɗiga daga jikin kwalekwale, ɗis, ɗis, kowa a ɗakin yana ji.

Yarinya ta kai ƙofar kififiya. Ta ƙwanƙwasa.

"Daga ciki murya ta ce, wa ya aiko ki? Sai yarinya ta..."

"Gwaggo, tsaya."

Ita kanta ba ta san za ta faɗa ba sai da ta ji shi a bakinta. Curtis ya ce, "Yaya!" kamar an taka shi.

"Tsaya, Gwaggo. Ba ta gaske ba ce. Mu muka zuba ta. Daga wajen aikin Curtis."

"Na sani," in ji Gwaggo, da muryarta ta kullum. "Tun asuba nake jin shebur ɗin wancan sakaran. Shekara tamanin da huɗu ina duniya ban taɓa jin dusar ƙanƙara ta sauko tana tari tana zagin bayanta ba."

Curtis ya sa hula ya rufe fuska.

"To don me kika karɓa?"

"Don ke ce. Kuma ba zan kai ba, 'yar nan, ni na san jikina."

"Tsoro kike ji. Na gani."

"Ina ji mana." Ta dubi ƙullin da ke hannunta. "Ba kwaɗo nake tsoro ba, me kwaɗo zai yi mini yanzu? Na kusa zuwa inda uwata take. Ita ta ba ni shi, ita ma uwarta ta ba ta, a shekarun da ake kwashe yara a kai makarantar kwana a aske musu kai a hana su yarenmu. Duk da haka ba wadda ta taɓa faɗinsa a kan kore. Za ta tambaye ni. Amma na karɓi taba. Zauna in ƙarasa, saura kaɗan."

Saura kaɗan. Abin da Denise ta nema tun tana yarinya yana nan a bakin tsohuwar, numfashi goma ya isa, kuma Gwaggo da kanta take miƙo shi. Babu wanda zai zarge ta. Ta dubi yadda Gwaggo ta damƙe tabar, ta ji kunya irin wadda ba ta taɓa ji ba, don ta gane cewa ba wayo suka yi wa Gwaggo ba, tilasta mata suka yi.

"A'a. Riƙe tabar har ta gaske ta zo."

"In ban kai ba fa?"

"To ba ki kai ba."

Da ƙyar maganar ta fita. Gwaggo ta dube ta tsawon lokaci, sannan kafaɗunta suka sauka, ta saki wani dogon numfashi. Ba ta yi godiya ba, ba halinta ba ne. Cewa ta yi Curtis ya je ya kwashe ƙazantarsa kafin ta kashe mata ciyawa.

Da rana, bayan ta yi barci ta farka, ta ce, "Wai kin ce kin rubuta naki ƙarshen? Karanto mini. Wannan ƙaryarki ce, babu ruwan kowa da ita, ko a tsakiyar bazara a faɗe ta."

Denise ta ɗauko takardun ta karanta shafi huɗun. Kififiya ta buɗe ƙofa da fara'a, ta ba yarinya ludayin cike da sukarin da ake dafawa daga ruwan itace, yarinya ta hau sama, uwarta ta rungume ta, ba faɗa ba duka. Gwaggo ta yi dariya har sai da tari ya sarƙe ta, aka gyara mata bututu.

"Kififiya ta buɗe ƙofa haka kawai? Ke ba ki san kififiya ba."

Iyakar abin da Denise ta samu ke nan. Da yamma ta kira Paige ta ce littafin ba zai shiga ƙarshen Oktoba ba, kuma duk ranar da zai fito, a lokacin sanyi zai fito. Paige ta ce in ya rasa layinsa sai bayan shekara guda da rabi. Denise ta ce ta ji.

Gwaggo ta yi ƙoƙari, wannan kowa ya shaida. Kullum da safe sai ta ce a zuge labule, ta duba, ta ce a rufe. Ta ƙetare Oktoba, abin da likita ya ce ba zai yiwu ba. Ranar uku ga Nuwamba da hantsi ta cika, rana tana haske a kan busasshiyar ciyawa. Aka kunna mata wuta kwana huɗu kamar yadda ake yi, aka binne ta da ƙullin jan ƙyallen a hannunta, don babu wanda ya iya cewa a cire.

Kwana biyar bayan binnewa, Denise tana kicin tana naɗe kofuna a jarida, ta ɗaga kai ta ga dusar ƙanƙara tana saukowa, manya-manya, a hankali, ba iska. Ta fita da silifas, ta tsaya a tsakar gida.

"Yanzu kika ga damar zuwa?" ta faɗa da ƙarfi. "Yanzu?"

Ta yi kuka a wurin har ƙafafunta suka daina jin sanyi. Ba ta yi nadamar tsayar da Gwaggo ba, amma rashin nadama bai rage mata zafin komai ba.

Wajen ƙarfe huɗu ta ji motar Curtis. Ya shigo da tukunyar miya, jikokinsa mata uku a bayansa suna kakkaɓe takalma. Duk shekara ranar da ƙasa ta fara yin fari nan yake kawo su, yau ma bai san inda zai kai su ba in ba nan ba. Bai dubi idonta ba. Yaran suka baje a kan shimfiɗa gaban murhu, kowace ta san wurinta, suka ɗago kai suna kallonta.

Ta so ta ce musu ba ta iya ba. Sai ta zauna, ta aiki yarinya ɗebo ruwa. Ta yi muryar babban kifi da ƙarfi har ƙaramar ta ɓuya a bayan yayarta. Ta kira kwaɗi da sunansu. Kafin a fita daga laka biyu sun yi barci, Curtis ma barci ya kwashe shi, haɓarsa a kan ƙirji. Saura Josie, 'yar shekara shida, idonta tar.

"Ta ƙwanƙwasa. Daga ciki murya ta ce, wa ya aiko ki?"

Nan Denise ta tsaya. Itace ya fashe a murhu.

"Sai me?" in ji Josie.

"Daga nan ban sani ba. Wadda ta sani ta tafi da shi."

Josie ta ɓata fuska tana tunani. "To yarinyar tana ina yanzu?"

"Tana nan a ƙofar."

"A ƙarƙashin ƙanƙara? Tun yaushe?"

"Tun ina kamarki."

"Haba, Kaka Denise!" Ta matso ta kama gefen siket ɗinta ta girgiza. "Ki fito da ita mana. Sanyi take ji."

Denise ta goge fuska da bayan hannu, ta gyara zama.

"To," ta ce. "Kififiya dai ba ta buɗe ba."